Ganuwar da Kawu Ya Gina a Riyad

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya rasu a Riyad da hantsin wata Talata, a kan gadon wankin ƙoda. Bayan La'asar aka yi masa sallah tare da wasu mamatan da ba mu san ko su wane ne ba, aka kai shi maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa a kan kabari. Ni na kira gida na faɗa.

Inna, wadda take ƙanwarsa ciki ɗaya, ita ta ɗauki wayar. Da na gaya mata sai ta ce, "To, yanzu sun sake shi?" Na ce an riga an binne shi. Ta tambaya a ina, na ce a nan Riyad. Ta ce ashe har yanzu ba su sake shi ba, ta miƙa wa wani wayar.

Matarsa ba ta yi kuka a waya ba. Ta tambaye ni ko ya sha wuya, ko ya cika da kalmar shahada, sannan ta tambayi ranar da za ta fara lissafin takaba. Da na gaya mata, ta ce takaba dai ta daɗe tana yi, yanzu ne kawai za a kira ta da sunanta. 'Yarsa kuwa, wadda ya bari tana ƙaramin aji a firamare, yanzu har da 'ya'yanta biyu, ta ce min tana so ta yi kuka, amma fuskar da ke zuwa mata ta hoton bango ce, ta wani mutum mai baƙin gemu. Kawu bai taɓa yarda a yi kiran bidiyo da shi ba. Cewa yake murya ta isa.

Zaman makoki a unguwar Jaradiya muka yi shi, a ɗakin amininsa, wani tela mutumin Zinder da muke ce wa Baba na Damagaram. Aka jingine keken ɗinki da bango, aka shimfiɗa darduma, direbobi da magina suka yi ta shigowa bayan an tashi aiki. Baba yana zaune a gefe. In an yi masa gaisuwa sai ya ɗaga hannu, ya koma kallon tabarma. Malamin da ke jan mu sallah ya yi doguwar addu'a, a ƙarshe ya ƙara da cewa Allah ya yafe wa mamaci wasan nan da ya shagala da shi. Wasu suka amsa da ƙarfi, wasu ciki-ciki.

Ana cikin haka sai ga mota ta tsaya a bakin lungu. Wani matashin Balarabe ya shigo, bayansa wani Bature mai furfura, da wani ɗan Filifin, da wani Bamisire mai sayar da magani. Suka cire takalma suka zauna a takure, Baturen ya rasa yadda zai yi da dogayen ƙafafunsa. Ɗan Filifin ɗin ya rufe fuska da hannu ya yi ta kuka. Mutanenmu suka dinga kallon juna, don ba su san Kawu yana da irin waɗannan mutanen ba. Da suka tafi wani ya tambaye ni ko iyayen gidansa ne. Na ce a'a, abokan wasansa ne.

Kafin a watse, duk wanda ya tashi abu ɗaya yake faɗa: mutumin kirki ne, mai haƙuri. Gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowa. Na ga in aka bar shi a haka, nan da 'yan shekaru babu abin da zai rage na Kawu, a gida hoton saurayi, a nan kuwa tulin ƙasa marar suna. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Tuƙi ya kawo shi. Wani gida a unguwar Nasiriya ya ɗauke shi direba tun ban san kaina ba, kuma a shekarun farko yakan je gida hutu, ya kawo mana dabino da agogo mai kiran sallah. Daga baya mai gidan, wanda shi ne kafilinsa, wato wanda zamansa a ƙasar ke hannunsa, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Shayib muke ce masa, wato tsoho. Daga ranar Kawu ya zama hannunsa da ƙafarsa. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi abinci a baki, don tsohon ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi, har 'ya'yan cikinsa. Fasfon Kawu na cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Shayib, kuma a wancan lokacin ma'aikaci ba ya fita ƙasar sai kafili ya amince. In Kawu ya je wa manyan 'ya'yan, sai su ce sai abin da mahaifinsu ya ce. In ya je wa mahaifin, sai ya ce bukra, gobe ke nan. Goben nan ta cinye shekara goma sha wani abu.

Da na zo Riyad, ni ma tuƙi a wani gida, ban gane shi ba a farkon gani. Gemun ya yi fari fat, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda ɗaukar mutum. Ɗakinsa yana jikin gareji, in ya miƙe hannu biyu yana taɓa bango da bango. A nan ya ba ni labarin ranar da Kaka, mahaifiyarsu shi da Inna, ta rasu. Ya ce ya shiga wurin Shayib ya durƙusa, ya ce uwarsa ce ta mutu, a bar shi ya je ko da mako biyu ne. Tsohon ya kama wuyan hannunsa da hannun da ke motsi, ya riƙe gam, hawaye na bin gefen fuskarsa, ya ce in Kawu ya tafi ba zai dawo ba, shi kuma 'ya'yansa za su kai shi asibiti su manta. Na tambayi Kawu me ya ce masa.

"Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Da na tafi da ban dawo ba."

A garejin ya karɓi gaisuwar uwarsa, tsakanin wankan safe da abincin rana.

Kada a ɗauka bai ji haushi ba. Na sha ganinsa yana bai wa Shayib abinci, fuskarsa a sake, muryarsa a tausashe, amma da Hausa yake cewa, ci mana, mai riƙe mutane, ci ka ƙara ƙarfin riƙe ni. Tsohon sai ya yi murmushi da ɓarin bakin da ke aiki, ya ce "sannu," kalmar Hausa ɗaya tak da ya iya. In mutanenmu suka ba Kawu haƙuri, amsarsa ɗaya ce: an ce haƙuri maganin zaman duniya, ba a ce maganin tafiya gida ba. Duk da haka ban taɓa ganin ƙurji ko gyambon kwanciya a jikin tsohon nan ba.

Wasan kuwa ta hannun autan gidan ya zo, matashin nan da ya zo mana gaisuwa. Auta ya yi karatu a Ingila, ya dawo da kwalaye cike da 'yan sojojin roba da na dalma, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Ya haɗa wasu masu irin wannan sha'awa suka kafa kulob, duk Juma'a bayan La'asar suna haɗuwa a istirahar gidan, wato gidan shaƙatawarsu da ke bakin kwarin Hanifa, bayan Dir'iyya inda ake ta gine-gine. Babban tebur ne a tsakiyar falo, an shimfiɗa masa ƙyalle mai launin ƙasa, an yi tsaunuka da soso, an yi kogi da shuɗin leda. Sai a zaɓi wani yaƙi na tarihi, na Rumawa ko na Farisa ko na Turawa, a jera rundunoni yadda suka tsaya a ranar, a raba wa 'yan wasa. Da tef ake auna nisan da kowace runduna za ta taka, in an haɗu kuma a jefa 'ya'yan lido su raba gardama. Sau da yawa wanda tarihi ya ce ya sha kashi shi ke yin nasara a teburin.

Kawu yana kai Shayib can ya sha iska. Sai ya tura kekensa kusurwa, tsohon ya yi barci, shi kuma ya zauna yana kallo. Da farko ba'a yake yi, yana ce min ya ga manya da gemu suna wasan 'yartsana. A hankali na lura labarin Juma'a ya fara tsawo a bakinsa. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, Auta ya kira shi da Ammi, wato baffa da Larabci, ya ce zo ka riƙe mana ɓangaren hagu. An gaya masa ya tsaya a kan tudu kawai ya jira. Kawu ya kwashi rundunar gaba ɗaya ya afka wa abokan gaba, kafin Magariba babu ko mutum ɗaya nasa a tsaye. Mako guda yana ba ni labarin yadda saura ƙiris.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: Kawu bai iya wasan ba, kuma har ya bar duniya bai iya ba. Ba ya jira, ba ya ja da baya, ba ya ajiye kowa don ko-ta-kwana. Baturen nan, injiniya ne, ya sha zaunar da shi yana zana masa dabara a kan kwali, Kawu ya yi ta gyaɗa kai, da an fara sai ya tura kowa gaba. In an ci shi ya ce 'ya'yan lidon ne ba su da albarka. Sau ɗaya na tambaye shi me ya sa ba zai ɗan dakata ba kamar yadda ake gaya masa. Ya ce a duk faɗin garin nan teburin nan ne kaɗai wurin da in ya ce a tashi ake tashi.

Da ya saba da su sai ya fara tambaya, shin mu ba mu yi yaƙi ba ne, kullum sai Rumawa? Baturen ya ce ai shi bai taɓa ganin inda ake sayar da sojojin ƙasar Hausa ba. Kawu ya ce to za a yi su. Ya roƙi ragowar sojojin da ba a amfani da su, ya dinga kankare su da reza. Da takardar goge hannu da gam ya yi wa dawakai lifidi, da zare ya naɗa rawuna, da tsinken sakace ya yi masu. Ɗan Filifin ɗin nan, ma'aikacin jinya ne, shi ya koya masa riƙe siririn burushi, ya kuma kawo masa gilashin ƙara girma. Bayan sojoji ya shiga ginin ganuwar Kano. Jibis, farar hodar gini, yake kwaɓawa da jan yashin kwarin, yana ginawa gunduwa-gunduwa a kan katako, ya fi shekara yana yi. Ɗakinsa ya cika, har ya koma kwana a takure a gefen katifa don kada ya danne wata ƙofa.

Daga ƙwaƙwalwarsa yake ginawa, yadda ya san badala yana yaro suna hawa suna gangarowa. Da ya gama ɓangaren Ƙofar Mazugal ya kira ni in duba, tunda ni na baro gida kwanan nan. Na duba na ce ya yi kyau, amma wurin yanzu ba haka yake ba, ganuwar ta zaizaye, an yi shaguna da gidaje a inda take. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya koma kan aikinsa. Da zan tafi ya rako ni bakin gareji, ya ce tasa dai tana nan.

Maganar ta kai kunnen Malam a Jaradiya. Bayan wata sallar Isha'i ya tsayar da Kawu a gaban mutane, ya ce ya ji yana sassaƙa gumaka yana kuma jefa ƙwayar caca, da furfurarsa, a ƙasa mai tsarki. Abin ya dami Kawu ƙwarai, don mutum ne mai tsoron Allah. Ya yi makonni bai taɓa burushi ba, in ya kai Shayib istiraha sai ya zauna a waje cikin zafi. Daga baya ya ɗauko sojojin ɗaya bayan ɗaya ya rufe fuskokinsu da amawali, babu ido babu baki, ya je ya gaya wa Malam abin da ya yi, ya kuma rantse ba a sa ko sisi a wasan. Malam bai gamsu ba. Kawu ya ce to Allah ya san abin da ya zaunar da shi a teburin, ya koma.

Shi da Baba na Damagaram kuwa, abotarsu ta girme ni. Duk Alhamis in Shayib ya kwanta da wuri, Kawu yakan saci jiki zuwa Jaradiya su ci tuwo a kwano ɗaya. Wannan ya ce Bakano, wancan ya ce Badamagare, kuma ba sa rabuwa sai sun taɓa tsohuwar gardamarsu ta yaƙin da Damagaram ta kawo wa Kano kafin zuwan Turawa. Kawu ya ce kora aka yi musu. Baba ya ce sun ga dama ne suka juya, da sun so da a kasuwar Kurmi za su yi sallar Azahar. Da ganuwa ta kammala, Kawu ya ce to a zo a raba gardama a tebur.

Baba ya daɗe yana ja da baya, don iƙamarsa, takardar zama, ta mutu tun da kafilinsa ya rufe shago ya ɓace, kuma fita daga unguwa kasada ce gare shi. Ni na ɗauko shi a mota, ya sha babbar riga mai sitaci kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bai taɓa riƙe ɗan lido ba a rayuwarsa. Auta ya ba shi igwa biyu, tunda an san Damagaram da igwa, ya nuna masa yadda ake jefawa. Abin da Allah ya tsara, duk jefawar da Baba ya yi sai ta faɗa daidai. Kawu, maimakon ya zauna bayan ganuwar da ya yi shekara yana ginawa, sai ya buɗe ƙofa ya fito da barade fili, igwa ta share su. Kafin a kira Magariba mutanen Baba sun shiga gari. Baba ya miƙe yana buga teburin kamar ganga, yana yi wa kansa kirari, Larabawa da Bature suna ta dariya suna tafa masa.

Kawu ya daki teburin da tafin hannu. Ganuwar ta tsage daga ƙofa har kusurwa, gunduwa guda ta faɗo ƙasa ta farfashe. Sannan ya dubi Baba ya ce da Hausa, a hankali, "Mutumin da ko takardar zama ba shi da ita, shi zai ci Kano?"

Sauran ba su ji abin da aka ce ba, amma sun ga fuskar Baba. Ya tattara rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya sa takalmi, ya fita. Na bi shi da mota na same shi ya yi nisa a gefen babban titi, inda motar 'yan sanda ke wucewa a kowane lokaci. Da ƙyar ya yarda ya shiga. Da muka isa Jaradiya zai sauka, ya ce in gaya wa kawuna ya gode.

Suka shafe watanni ba sa magana. Azumi ya zo ya wuce, kowa ya sha ruwa shi kaɗai. Na yi iya ƙoƙarina, Kawu ya ce ai wasa ne, wanda bai iya wasa ba kada ya zo. Amma gutsattsarin ganuwar ya zuba su a kwali ya tura ɗakin ajiya na istiraha, bai sake waiwayarsu ba.

Sai aka shiga kamen marasa takarda. Ana tare lunguna, ana bin ɗakuna, mutanen da muka sani da yawa aka kwashe su. Wata safiya Kawu ya kira ni ya ce in bar duk abin da nake yi in je in ɗauko Badamagaren nan, in kai shi istiraha, ya riga ya karɓi makulli. A ɗakin ajiya muka sa shi, tsakanin kwalayen sojoji, ɗakin da ba shi da taga. Kullum Kawu zai zo da kula ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya juya. Ba ya shiga, Baba ba ya leƙowa. Na ce wa Kawu wannan wane irin zama ne, ya ce ciyarwa daban, magana daban.

Zaman ɗaki ya ishi Baba, ga hannun tela ba ya son zama haka. Ya buɗe kwalin nan ya ga ɓaraguzan ganuwa, ya ga ragowar jibis, ya fara haɗawa. Ya sa na kawo masa allura da ƙyallaye ya ɗinka wa rundunar Kano tutoci ƙanana kamar farce. Wata rana Kawu ya kawo abinci ya tarar da ƙofa a buɗe. Ina bayansa. Ya tsaya yana kallon ganuwar a tsaye a kan katako, tsagar ta toshe, sai dai ƙofar ta ɗan karkace. Na zaci zai ba da haƙuri. Sai ya ce, "Badamagare, ƙofar nan ba haka take ba." Baba ya ce, "To zo ka gyara, Bakano." Kawu ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa. Iyakar sulhun ke nan, ban kuma ji sun sake tada maganar ba.

Abin da ban sani ba sai daga baya, Auta ne ya gaya min. A lokacin ya ce wa Kawu zai yi magana da yayyensa, ya tsaya tsayin daka a kan buƙata ɗaya, duk wadda Kawu ya zaɓa, don ya san ba za su saurare shi sau biyu ba. Auta yana zaton hutu Kawu zai ce. Kawu ya ce gidan ya zama kafilin Baba a gyara masa takarda. Haka aka yi. Baba bai san da wannan ba sai bayan rasuwar.

Shayib ya rasu a hannun Kawu. Shi ya rufe masa ido, yana cikin waɗanda suka wanke shi, kuma ya yi kukan da ya ba ni mamaki. Bayan an share makoki babban ɗan ya buɗe akwatin ƙarfe ya miƙa masa fasfonsa, wanda ya daɗe da mutuwa, ya ce duk ranar da ya so ya tafi. Muka sabunta fasfo. Kawu ya shiga kasuwa ya sayi abaya uku, da turare, da takalman jikokin da bai san girman ƙafarsu ba. Ya ce a gida kada a gaya wa kowa rana, yana so ya yi sallama kawai a zaure.

Ana cikin shirin ne ƙafafunsa suka kumbura. Ya ce gajiya ce. Ɗan Filifin ɗin ya duba shi a bakin tebur ranar Juma'a, ya ja Auta gefe, washegari aka kai shi asibiti. Ƙoda biyun sun daina aiki. Aka ɗora shi a kan wankin ƙoda, yau a yi gobe a huta, Auta ya bar shi a kan iƙamar gidan ya tsaya masa a kan komai. Likita ya ce in zai yi tafiya, dole inji na jiransa a can cikin 'yan kwanaki, kuma har ƙarshen rayuwa. Muka bincika a gida, abin ya fi ƙarfinmu ko da an haɗa dangi duka. Inna ta ce ya taho haka, in mutuwa ce ya mutu a gabansu. Matarsa ma haka ta ce. 'Yarsa ta ce a'a, ya zauna inda zai rayu, ita ta fi son uba a waya da uba a kabari. Kowa ya ce ni in lallashe shi ya bi nasa. Kawu ya saurari kowa, bai yanke ba. Abin da ya ce min kawai shi ne, da can mutum ne ya riƙe shi, mutum kuwa ana roƙonsa, wannan injin fa da wane harshe za a yi masa magana.

Jakunkunan suka zauna a ɗaure a ɗakinsa. Hannunsa ya fara rawa, ya daina fenti, amma bai daina zuwa Juma'a ba. Yakan zauna a kujera da bargo a gwiwa, Baba a gefensa, ni nake tura masa sojoji inda ya nuna da sanda. Har a lokacin gaba yake cewa a yi.

Makonni kaɗan kafin rasuwarsa na ɗauko shi daga asibiti da rana, a galabaice kamar kullum. Da muka hau titi sai ya ce kada in yi gida, in kai shi filin jirgi. Na ce Kawu, ba mu da tikiti, ba mu ɗauko kaya ba. Ya ce ya sani. Na kai shi. Na samo keken guragu na tura shi cikin zauren masu tafiya, ya nuna min layin jirgin da ke bi ta Alƙahira zuwa Kano, ya ce in ajiye shi nan kusa. Mutanenmu ne cike da layin, da manyan jakunkuna da kwalaye ɗaure da igiya, ana ta ciniki da ma'aikata a kan nauyin kaya, wani yana buɗe jaka yana rage dabino. Kawu ya zauna yana sauraron Hausar da ke tashi ta ko'ina. Jakar wata dattijuwa ta yage a gabansa, ya ce in samo masa igiya, ya ɗaure mata da hannunsa mai rawa, ya daɗe yana yi, ta tsaya tana jira.

Da ya gama ta yi godiya, ta ce, "Alhaji, kai ma Kano za ka?"

Ya ce, "Ina tafe, Hajiya. Ku gaida mutanen gida."

Ta tambaya wace unguwa, wa za ta ce yana gaisuwa. Ya ce duk wanda ta fara gani in ta sauka.

Muka zauna har layin ya ƙare, na ƙarshensu ya shige, ma'aikacin ya kashe allon ya tafi. Sannan ya ce to mu koma, kada a neme ni a wurin aiki. A mota ya jingina kai da gilashi ya yi barci, ban tashe shi ba sai da muka isa Nasiriya.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka baƙo daga ƙasar da ya zauna baƙo. Ka yafe masa zafin zuciyarsa, ka karɓi hidimarsa, ka yalwata masa kabarinsa iyakar ganin idonsa. Mu da muka rage a nan, ka mayar da mu gida da ƙafafunmu.